Gaɓa Ɗaya da Gangar Sharar Los Alamos

Daga cikin sharar da ɗakunan gwaje-gwaje ke fitarwa, babu mai wuyar sha'ani kamar wadda ta haɗa tururin nukiliya da sinadari mai guba a mazubi guda. Dalili kuwa shi ne maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Wani nau'in tururin lokaci ne ke cinye shi: sinadarin fosfaras-32 yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 14, saboda haka a kan kulle shi a jira. Amma dalma ko zaiba, ko shekara dubu aka yi, guba ce. Wuta tana iya cinye wasu sinadarai masu guba, sai dai ba ta kashe tururin nukiliya. Shi ya sa ake raba su tun daga teburin gwaji, a rubuta abin da ke cikin kowane mazubi.

A nawa ganin, wannan rubutun shi ne ƙashin bayan aikin, ko da yake shi aka fi rainawa. Ga hujjata.

A jihar Niyu Meziko ta Amurka akwai wani rumbu da aka haƙa cikin dutsen gishiri, mai zurfin kimanin mita 655, inda ake binne irin wannan shara tun 1999. Ranar 14 ga Fabrairu, 2014, wata ganga da aka kawo daga ɗakin bincike na Los Alamos ta fashe a cikinsa. Ma'aikata fiye da 20 suka shaƙi burbushin nukiliya, ko da yake kaɗan ne, aka kuma rufe rumbun har zuwa Janairun 2017.

Me ya jawo? A gangar akwai gishirin naitiret mai danshi. Bisa al'ada, a kan zuba masa garin yumɓu, irin wanda Turawa ke shimfiɗa wa kyanwa ta yi bayan gida, domin ya tsotse ruwan. Da aka sabunta takardar umarni a 2012, inda ya kamata a ce "inorganic", wato abin da bai fito daga tsiro ko dabba ba, sai aka rubuta "an organic", wato kishiyarsa. Duk wanda ya karanta ilimin furuci ya san yadda waɗannan biyu ke kama da juna a kunne. Ma'aikata suka bi takarda sau da ƙafa, suka zuba wanda aka yi da alkama. Naitiret kuwa mai rura wuta ne, alkama ta zame masa makamashi, zafi ya taru har murfi ya tashi.

Wani zai ce laifin masu duba aiki ne, ba na kalma ba. Da gaskiyarsa, domin masu bincike sun zargi sakacin shugabanni, kuma da an miƙa takardar ga masanin sinadarai da ya tsayar da ita. To amma me zai duba in ba kalmar ba? Ɗalibin da ke ganin ƙa'idojin rubutu wahalar banza ce, yana rubuta "kafa" a wurin "ƙafa", ya tuna cewa gobe shi zai fassara wa yara gargaɗin da ke jikin kwalba a ɗakin kimiyyar makarantarsu.