An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Mai karatu, in ka zo Faru yau ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar wane ne Sa'idu Faru, zai ce maka ya taɓa jin sunan. Ka ce ya kawo maka sunayen 'yan wasan Indiya, wallahi sai ya jero maka goma bai numfasa ba. Wannan yaro bai taɓa taka ƙofar silima ba, don an rufe su tun ba a haife shi ba. To, jama'a, ina amfanin rufewar?

Ba wai na manta da halin silima ba ne. Tun da aka buɗe Rex a Kano a 1937 mutanen kirki ke yi mata kallon hadarin kaji. Da gobara ta tashi a El Duniya a 1951 ta hallaka mutum 331, da yawa cewa suka yi fushin Allah ne. Kuma gaskiya ɗaya ce, bakin silima matattarar 'yan daba ce da masu zuƙar wiwi da mata masu zaman kansu. Ni kaina na sha bulala a kanta. Saboda haka da Yariman Bakura, Ahmad Sani, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka bi gidajen silima aka garƙame, ba a sami mai tsaya musu ba. Kowa tsoro yake kar a ce masa ɗan iska.

Amma fim ɗin ya tafi? Ina! Ya dai sake gida. Daga bango ya koma kaset, daga kaset ya koma faifai, yanzu ga shi cikin aljihun ɗanka. A da in yaro zai je kallo sai ya nemi kuɗin tikiti, ya saci jiki, ya wuce ta gaban mai shayi da mai tsire, waɗanda duk sun san ubansa. Abin da zai gani kuma ga hotonsa nan manne a allo, kowa ya san ko na Indiya ne ko na Canis. Yau fa? Ya je wurin mai caji a tura masa abin da ransa ke so, ya shige ɗaki ya ja bargo. Ko lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, turin bai tsaya ba, don ba ya bukatar sabis. Mun gudu daga gara mun faɗa gidan zago, muna ta murna wai mun gyara tarbiyya.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba fim ba ne, kiɗa ne. Silima ba majigi kaɗai ake haskawa a cikinta ba. Fili ne mai katanga da ƙofa da dandamali, inda makaɗi zai sa rana, a sayar da tikiti, talaka ya biya ya zauna ya ji kalangu da kunnensa, ba sai ya jira bikin wani mai kuɗi ya leƙa ta kan katanga ba. 'Yan wasan kwaikwayo ma nan suke kai hajarsu. Da aka sa kwaɗo a ƙofar, har da su aka kulle.

Ku duba ƙasar da aka yi wa haka. Faru ta haifi Sa'idu, Malamin Waƙa, wanda ya yi wa Sarkin Kudu Maccido waƙoƙi tun yana Talatar Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ƙasar Bakura ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda Maradun ta riƙe har ya rasu a 1991. Su nasu da sauƙi, makaɗan fada ne, suna da iyayen gida masu ba da doki da riga. Yau fadar ba ta da wannan ƙarfi. Yaron da ya gaji kotso a wurin kakansa, ina zai buga a ji shi har ya ci abinci? Sai ya jingine shi ya sayi babur. Wanda ya nace kuma ya tafi Kano a ɗora masa murya kan kiɗan fiyano, ya dawo ba ka rarrabe shi da kowa.

Wani zai ce mini, Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma su ne za ka yi wa zancen kallo? Na ji, kuma ban ce a tara jama'a da tsakar dare a bakin daji ba. Amma ai ana cin kasuwar Mafara kowace Talata, ana taron siyasa da rana tsaka, makaɗa na yi wa 'yan takara kiɗa ba mai cewa haram. Ashe kiɗan na halatta in mai mulki ake yi wa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A ba mai zuciya izini ya kewaye fili a cikin gari, a buɗe bayan la'asar a tashi kafin magariba, maza gefe mata gefe, Hisba ta zauna a bakin ƙofa in tana so. A tace fim kafin a nuna, kamar yadda Kano ta kafa hukumar yin haka tun 2001. Ran Juma'a kuma a kashe na'ura, a ba masu kotso da kalangu dandamali. In an ga ɓarna a kama mai ita a hukunta shi, a bar filin a buɗe.