Gigin tsufa ba daga sama yake faɗowa ba

'Yan uwa marubuta, akwai wata tsohuwa da ke yawo daga wannan littafi zuwa wancan. Wani lokaci sunanta Kaka, wani lokaci Iya. Aikinta a labari shi ne ta manta inda ta ajiye goronta, ta kira jikanta da sunan marigayin mijinta, mai karatu ya yi dariya. In aka tambayi abin da ke damunta, sai a ce gigin tsufa ne. A wasu labaran ma har maita ake laƙaba mata.

Mu a ganinmu wannan ragwanci ne, domin sau da yawa ruɗewar tsoho tana da tarihi, kuma tarihin daga zuciya da jijiyoyin jini yake farawa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rarrabawa. Idan hawan jini ya shekara goma ko ashirin ba magani, ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita sai su yi kauri, su ƙuntace, wasu su toshe. Ba dole ɓarin jiki ya shanye ba. Mutum yana zuwa kasuwa yana dawowa, amma lissafin canji ya fara yi masa wuya, magana ta yi nauyi, abin da ya saba shiryawa cikin minti biyar ya koma cin rabin yini. Ciwon suga, taba da yawan kitse a jini duk ta wannan hanya suke ɓarna.

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya. Hawan jini, suga, taba, ƙiba da rashin motsa jiki duk suna ciki. Kada kuma wani ya ce zancen Turawa ne. Tun 1992 aka fara bin tsofaffin Yarbawa a Ibadan ana kwatanta su da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. Na Ibadan sun fi ƙarancin kamuwa, kuma masu binciken sun ɗora wani ɓangare na dalilin a kan ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a cikinsu.

Wani zai ce labari ba asibiti ba ne. Mun yarda, kuma babu mai son babin da likita zai tsaya yana lacca shafi uku. Mun kuma san akwai masu mantuwar da ba su taɓa hawan jini ba. Amma matan da ke karanta mu a waya, su ne ke jefa dunƙule huɗu a tukunya, su ne kuma ke jinyar surukai. Abin da muka nuna musu a matsayin ƙaddarar tsufa, haka za su ɗauke shi.

Ta fuskar rubutu ma riba ce. Ku nuna Iya tana da shekara 45 a babi na biyu, an auna ta an ba ta ƙwayoyi, ta sha na wata guda, ciwon kai ya lafa, ta ce ta warke ta ajiye. Sai a babi na ashirin mu gan ta tsaye a ƙofar gidanta tana tambayar yara hanyar gida.