Malta: Gandun Tsuntsaye A Tsakiyar Mafarauta

Ƙasar Malta, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 316 ba, zango ce ga tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka, irin waɗanda muke gani a dausayin Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. A arewacin tsibirin akwai tafkin Ghadira, sunan da ya samo asali daga Larabci kamar harshen ƙasar kansa, inda doka ta hana harbi. To amma ɗan ƙaramin wuri ne, kuma tsuntsu bai san shinge ba. Da zarar ya tashi ya shiga hurumin mafarauta.

A nan ne siyasa ta shigo. A watan Afrilun 2015 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan farautar bazara, lokacin da tsuntsaye ke komawa Turai don hayayyafa. Masu goyon bayan farautar suka yi rinjaye da kashi 50.4 cikin ɗari, tazarar ƙuri'a kusan 2,200. Shugabannin manyan jam'iyyun biyu duk bayan mafarauta suka bi, domin a ƙasar da ƙuri'u kaɗan ke raba nasara da faɗuwa babu mai son ɓata musu rai. An dakatar da harbin kurciyar Turai a bazarar 2017, aka dawo da shi a 2022.

Batun tarko ya fi ban takaici. Kotun Tarayyar Turai ta haramta kama ƙananan tsuntsaye da raga a 2018, sai gwamnati ta sauya wa abin suna, wai "binciken kimiyya". A 2024 kotun ta sake yanke hukunci cewa wannan ma ya saɓa doka.