Zakaran Zinariya: tatsuniyar da ta firgita fadar sarkin Rasha

Tun bayan da Rasha ta mamaye Ukraine a shekarar 2022, gidajen wasanni a ƙasashen Turai suke ta muhawara a kan ko ya kamata a ƙaurace wa mawaƙa da makaɗan Rasha. A watan Maris na wannan shekara birnin Munich ya sallami shahararren jagoran makaɗa Valery Gergiev, na hannun daman Shugaba Putin, sannan a 2025 aka soke wasansa a Caserta ta ƙasar Italiya.

Sai dai tarihin wani wasan kwaikwayo na waƙa, wato opera, mai suna Zakaran Zinariya, yana nuna cewa ba kullum fasahar Rasha take tafiya da masu mulkinta ba.

Nikolai Rimsky-Korsakov ne ya kammala shi a 1907, bisa tatsuniyar da Alexander Pushkin ya tsara a 1834. Labarin wani malalacin sarki ne, Dodon, wanda masanin taurari ya ba shi zakara mai cara duk lokacin da abokan gaba suka doso. Sarkin ya yi alkawarin ba shi duk abin da ya roƙa. Ya tura 'ya'yansa biyu yaƙi, suka kashe juna, shi kuma ya dawo da wata sarauniya zai aura. Da masanin ya nemi a ba shi ita, sai sarki ya kashe shi, zakaran kuma ya tsattsage sarkin har lahira.

A lokacin, Japan ba ta daɗe da cin Rasha da yaƙi ba, kuma an taɓa korar Rimsky-Korsakov daga makarantar kiɗa ta St Petersburg a 1905 saboda goyon bayan ɗalibai masu zanga-zanga. Masu tace rubuce-rubuce na Sarki Nicholas na Biyu sun gane inda aka dosa, suka hana wasan. Mai shi ya rasu a 1908 bai gan shi a dandali ba. Sai a 1909 aka nuna shi a Mosko, bayan an sassauta wasu kalamai.

A 1914 Sergei Diaghilev ya kai shi Paris, inda mawaƙa suka zauna a gefe, 'yan rawa suka riƙa kwaikwayon labarin, abin da ya ɓata wa matar marigayin rai.

A 2011 Kirill Serebrennikov ya shirya shi a gidan wasan Bolshoi, ya cika dandali da faretin soja. An tsare shi a 2017 bisa zargin almundahana, wanda magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ya bar ƙasar a 2022. A ƙarshen 2023 aka damƙa wa Gergiev shugabancin Bolshoi.

Abin da ke gaban gidajen wasannin Turai shi ne rarrabe tsakanin masu yi wa fadar Kremlin hidima da ayyukan da suka yi wa masu mulki ba'a. In aka haɗa su aka yi watsi da su, za a ƙarasa aikin da masu tacewa suka fara a zamanin sarki.