Ra'ayinmu: Ina Muryar Mawaƙin Hausa Ta Shiga?

Duk wanda ya kunna rediyo a yau, ko ya ratsa kasuwar waya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, zai lura da wani abu guda: muryoyin mawaƙanmu na zamani sun koma kamar uwa ɗaya ta haife su. Namiji da mace, ƙwararre da ɗan koyo, kowa yana rera waƙa da wata murya mai santsi da ƙarar ƙarfe, tana tsalle daga wannan amo zuwa wancan kamar ta mutum-mutumi. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a tsaya a dubi lamarin da idon basira.

Da farko ya kamata a san asalin abin. Tun a shekarun 1930 wani injiniya mai suna Homer Dudley ya ƙera na'urar Vocoder a cibiyar binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, da nufin matse muryar mutum domin ta bi ta waya cikin sauƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da wannan fasaha wajen ɓoye zancen sirri tsakanin Washintan da Landan. Daga baya makaɗa, irin su ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus a shekarun 1970, suka mayar da ita kayan kiɗa. Amma wadda ta mamaye situdiyoyinmu ita ce manhajar Auto-Tune, wadda Andy Hildebrand ya ƙirƙiro, kamfanin Antares ya fitar a 1997. Shi wannan mutum ya taɓa yin aikin nazarin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur, sai ya karkata wannan lissafi zuwa ga muryar ɗan Adam.

Aikin manhajar shi ne ta saurari murya, ta auna tsayin amonta, sa'annan ta ja shi zuwa ga amo mafi kusa a ma'aunin kiɗan da aka zaɓa mata. Idan aka sa ta yi gyaran a hankali, kunne ba zai ji komai ba. Idan kuwa aka mayar da saurin gyaran zuwa sifili, sai ta datse duk wata lanƙwasa da maƙogwaro ke yi tsakanin amo da amo, murya ta koma hawa-hawa kamar matakalar bene. Waƙar "Believe" ta mawaƙiya Cher ce ta fara tallata wannan salo ga duniya a 1998, sai T-Pain ya mayar da shi tambarinsa daga 2005. Ko a can ma an yi ta ce-ce-ku-ce, har Jay-Z ya yi waƙar neman a binne manhajar a 2009.

Ba mu cikin masu cewa duk baƙon abu ɓarna ne. Fiyano da kwamfuta sun buɗe wa dubban matasa ƙofar sana'a, sun raya finafinan Hausa, sun kai waƙar nanaye har Agadas da Kumasi da Yawunde da Khartum. Ba mu kaɗai ba ne kuma: mawaƙan Aljeriya da Maroko sun rungumi manhajar tun da daɗewa. Wanda ya zaɓi muryar na'ura da gangan domin ta yi wa wani baiti ado, fasaha ya yi. Damuwarmu ita ce gishiri ya zama shi ne miyar.

Asara ta farko ta shafi harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga kuma dogon wasali da gajere, waɗanda a kansu aka gina ma'aunin waƙa. Abin da ya raba "kai" na wanda ake yi wa magana da "kai" na saman wuya shi ne, a na biyun murya tana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa cikin gaɓa ɗaya. Irin wannan gangara ce manhajar ke ɗauka kuskure ne, ta datse. Idan aka haɗa da amsa-kuwwa da tarin kiɗa, sai mai sauraro ya riƙa lalube kafin ya tsinci kalma. A al'adar da waƙa take makaranta, inda ake darajanta azanci da habaici da kirari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asara ta biyu ita ce ta kamanni. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015, amma har yau da zarar ɗayansu ya buɗe baki a kaset, yaro ma zai faɗi sunansa. Kaushin murya, da inda ake jan numfashi, da yadda ake karya harshe, su ne hatimin kowannensu. Mawaƙi nawa ne a yau za a gane su da murya tsagwaro, ba tare da sun ambaci sunansu a farkon waƙa ba?

Asara ta uku ita ce ta horo. A da, yaro yakan shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya ja waƙa. Yanzu kuwa akwai wanda bai taɓa rera baiti biyu daidai ba, amma yana da faifai. Shi ya sa a wurin biki ake ganin mawaƙi riƙe da makirufo yana motsa baki, faifai na yi masa aiki. Ranar da wuta ta ɗauke, a nan ake gane cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ga shi kuma yanzu an samu manhajojin da ke iya kwaikwayon murya, har su tsara waƙa sukutum. Mawaƙin da ya saba wa jama'a da muryar na'ura, da me zai kare abincinsa ranar da na'urar ta daina bukatarsa?

Saboda haka muna kira ga masu haɗa sauti su mayar da manhajar matsayinta na mai gyara, su bar kalma ta fito fili. Gidajen rediyo da talabijin su ware shirye-shiryen da mawaƙi zai zo ya rera da bakinsa kai tsaye, masu shirya gasa da bayar da lambobin yabo su ma su sanya wannan cikin sharuɗɗansu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa hannu da Rediyon Tarayya na Kaduna wajen adana tsofaffin faya-fayai da kusanto da su ga matasa. Ba takunkumi muke nema ba, domin doka ba ta koya wa kunne daɗi.

Alhakin ƙarshe yana wuyan masu sauraro da masu gayyatar mawaƙa, domin abin da kasuwa ta nema shi ake kawo mata. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa mu gane.