Kuɗin Wane Ne A Ke Kasawa A Katsina?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da mu malamanku muka daɗe muna haɗiyewa. Yau dai za mu fito da ita fili, wanda zai ji haushi ya ji.

Kowace shekara, in kaka ta yi an kai amfanin gona gida, sai mu ji a rediyo an ce Gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki a Katsina. A ce biliyan kaza na ilimi, biliyan kaza na hanyoyi. Mu nan Zango sai mu ce, "Allah ya sa albarka," mu koma hirarmu ta tsadar taki. Ran nan muka tambayi 'yan aji, "Shin kuɗin nan na wane ne?" Suka amsa baki ɗaya, "Na gwamnati ne, Malam." Ba mu ga laifinsu ba, don abin da su ke ji ke nan a zaurukan gidajensu. Amma fa amsar nan ita ce uwar cutar da ke damunmu.

Kakanninku ba za su yi wannan kuskure ba. A zamanin En'e, mai unguwa ke bi gida gida yana karɓar haraji, Filani kuma su biya jangali bisa kowace saniya. Kuɗi su bi ta hannun dagaci, su je ga hakimi, kana su shiga Baitulmali, wanda aka fara kafa irinsa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya bazu ko'ina har Daura. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ya san sarai kuɗin wa ke cikin akwatin nan. Abin da ya rasa shi ne bakin magana, don Sarki da Razdan ke zama su ƙiyasta yadda za a kashe su.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda mu ke cikinta kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yinta. Sai dai haraji bai mutu ba, riga ya sake. Yau in ubanka ya sayi buhun siminti ko katin waya, akwai harajin saye da sayarwa a cikin farashin, kashi 7 da rabi cikin 100 tun 1920 da ɗari, watau 2020. Kason da Abuja ke aiko wa jiha kowane wata kuwa, na man fetur da sauransu, rabon mutanen jiha ne, har da tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin kasuwa. Da ya ke ba wanda ya sallama mana a ƙofa, sai muka ɗauka ba mu biya kome ba.

To, bari mu koma kan majalisa. A 1947, bisa tsarin mulkin Gwamna Richards, aka buɗe Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. A kan kawo musu ƙiyasin kuɗi su tattauna, amma iyakarsu shawara, Bature ke yanke magana. Duk da haka ba su yi gum ba. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ne kamarmu wanda ya fito Kwalejin Katsina, ya miƙe a zauren nan ya nemi a gyara sha'anin mulkin En'e, ya ce a riƙa jin ta bakin talaka. Ya faɗi haka ne a lokacin da sarakuna ke da kotu da kurkuku a hannunsu.

Ku gwada wannan da ikon da ke hannun wakilanmu yau. Majalisar Katsina tana da wakilai 34, ɗaya na Zango ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 120, ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai bisa doka. Sashe na 121 ya wajabta wa Gwamna ya kawo ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe gaban Majalisa kowace shekara. A karanta shi sau ɗaya, a karanta na biyu a yi muhawara, kwamitoci su kira ma'aikatu kowace ta kāre abin da ta nema, a karanta na uku, sa'an nan Gwamna ya sa hannu. Dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha wanda ke kai musu rahoto, suna kuma da ikon kiran kowane ma'aikaci ya zo ya yi bayani. Wanda ke shakkar majalisa tana da haƙori, ya tuna 1981, sa'ad da Majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musan nan daga gwamna. Ba kuma za mu ce an bar mu a baya ba, domin a 2019 wakilin Zango aka zaɓa ya shugabanci Majalisar, a 2023 kuma wakilin Daura.

Ga wuƙa, ga nama. Mu fa, me mu ke tambayar wakili in ya zo gida? Kuɗin ragon suna, kuɗin magani, gudummawar biki, buhun shinkafa da azumi. Mu yi cincirindo a ƙofarsa tun asuba, a ba kowa 'yar takarda, mu watse muna kirari. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Wanda ya karɓi Naira dubu biyu jiya, da wane ido zai tambayi lissafin miliyan ɗari gobe? Mu da kanmu muka mai da wakili mai rabon sadaka, alhali ma'aji muka ɗauka ya tsare mana dukiya.

Mun taɓa koyarwa a wani aji da iska ta yaye wa rufi farkon damina. Shekara biyu muna kwashe yara zuwa gindin bedi, da hadari ya taso mu sallame su. Mun yi gunaguni a ɗakin malamai har muka gaji. Amma ko ɗaya daga cikinmu bai nemi littafin kasafin ya duba ko an sa gyaran ajin a ciki ba. Laifin nan namu ne, mun amsa shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma in ya yi shiru magini ba zai yi duba ya gane ba.

Mun san abin da za a ce mana. Wasu za su ce rashin kunya ne yaro ya tambayi babba. Ai mai kanti ya kan ƙirga kuɗi gaban yaronsa kowace yamma, ba wanda ya ce ya ci mutuncinsa, amana ce a ke tsarewa. Wasu za su ce abin da Turanci a ke yi. Sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi aikinta da harshen mutanenta ban da Turanci in ta ga dama, saboda haka mu nema a fassara mana kasafin da Hausa, a karanta a rediyo sashe sashe, a manna na ƙaramar hukumarmu inda kowa zai gani. Wasu kuma za su ce lissafin ya fi ƙarfin talaka. Ashe? Dillalin da ke riƙe cinikin shanu hamsin a ka a kasuwar Mai'adua, shi ne tarawa da ɗebewa za su gagara?

Nan ne aikinku ya shigo, ku da Allah ya ba karatu. Lissafin da mu ke koya muku ba na cin jarrabawa ba ne kaɗai. In wakili ya zo gari, ku gaishe shi da ladabi kamar yadda aka hore ku, kana iyayenku su tambaye shi, ku kuwa ku rubuta amsa. Nawa aka ware wa Zango bana, kuma don wane aiki? Na bara nawa aka saki, ina aikin ya ke mu je mu gani? Me ya faɗa a zauren Majalisa ran da aka yi muhawara? Wakilin kirki zai yi murna da tambayoyin nan, don su ne makaminsa in ya koma Katsina. Wanda ya husata kuwa ya ba ku amsa ke nan, sai ku adana ta har ranar zaɓe.

Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu bakin tambaya, amin.