TAGAR DUNIYA: Abincin makiyaya, farashin attajirai



Lokacin da hunturu ke kaɗawa a nan ƙasarmu, daga Disamba har zuwa Afrilu Turawa masu hali kan ɗauki hutun mako guda su nufi tsaunukan Alp domin wasan zamiya bisa ƙanƙara, wanda suke kira siki. A can ne garin Shamoni na Faransa ya karɓi wasannin Olimpik na sanyi na farko a 1924, Albervil kuma ta karɓa a 1992. Zancenmu na yau ya shafi cikin mai wasan: in rana ta take, yunwa ta kama shi bisa dutse, mi zai ci, kuma nawa zai biya?

Gidajen abincin nan da yawansu bukkokin makiyaya ne a da, inda ake kai shanu kiwo da rani. Yau ana isa gare su da siki a ƙafa ko cikin akwatin ƙarfe mai tafiya bisa igiya. Ƙauyen Bal Torans yana zaune a tsayin mita 2,300, wato ya ɗara ƙololuwar Bagzan, mai mita 2,022. A saman Shamoni kuwa, motar igiya da aka buɗe a 1955 tana kai mutane dutsen Egwiy di Midi, mai mita 3,842, can ma akwai tebur da cokali.

Abincin duka ya dogara ga cuku. Akwai fondi: a narka cuku cikin tukunya guda da tafarnuwa da farar giyar inabi, kowa ya soki burodi ya tsoma. Akwai raklet, wadda asalinta yankin Bale ne na Suwis: a kanga rabin cuku ga wuta, a kankare abin da ya narke bisa dankalin turawa. Sai tartiflet, dankali da albasa da cukun reblosho, wadda baƙi ke ɗauka abincin kaka da kakanni ce, alhali cikin shekarun 1980 ta yi suna. Shi reblosho, ana ba da labarin cewa dabarar talaka ta haife shi: mai ƙasa kan yanka haraji gwargwadon nonon da aka tatsa a gabansa, sai makiyayi ya bar saura a hantsa, in ya ba da baya a sake tatsa.

To, mi ya sa abincin talaka ya yi tsada haka? A manyan wuraren da wuya a samu kwano mai zafi ƙasa da yuro 20, wato jika goma sha uku da ɗoriya, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Ɗan kasuwa zai gane lissafin. Mota ba ta zuwa, sai a hau da kaya cikin motar igiya ko bisa injin daddale ƙanƙara tun da asuba, a sauko da shara ta wannan hanya. Ma'aikata ƴan ci-rani ne, sau da yawa har makwanci sai an ba su. Ribar shekara kuma cikin wata huɗu ko biyar ake nemanta. Ko girkin kansa yana cin lokaci, don a tsayin mita 2,300 ruwa yana tafasa wajen digiri 92. Bayan haka, mai jin yunwa bisa dutse ba ya ciniki.

Ga ma'aikatanmu da ƴan kasuwa da aiki ko horo kan kai Liyon, Girenobul ko Janeba, wata rana abokan aiki za su gayyace ku. Ku sani tartiflet da naman alade ake yinta, haka tsiran da suke kira diyo, kuma busasshen naman da ke rakiyar raklet galibi nasa ne. Fondi da giya ake narka ta. Matambayi ba ya ɓata: a nemi raklet da dankali kawai, ko miyar ganye, ko wainar ƙwai, ba mai ganin laifinku.

Abin sha ma sai da lura. Suna dafa giyar inabi da kirfa su sha da zafi, bayan abinci su kawo jenepi, barasar da ake yi da wani tsiro ɗan uwan tazargade, wai maganin sanyi. Likitoci sun ce yaudara ce: barasa tana buɗa jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa ke fita, ga gangara tana jiransa. Shayi, koko mai zafi da ruwa da yawa sun fi, domin busasshiyar iskar tsauni tana ƙone maƙogwaro kamar ta hunturu.

Abin da ya fi dacewa a duba shi ne makiyayin. Cukun Bofor ya kusa ɓacewa a shekarun 1960, da matasa suka watse zuwa birane. Makiyaya suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi, a 1968 hukuma ta kare sunan: ba a kiran cuku Bofor sai an yi shi a yankin, da nonon shanu iri biyu kacal, Tarin da Abondans. Dunƙule guda mai kilo 40 yana shan nono wajen lita 400. Baƙon da ya ɗanɗana shi bisa tebur yakan saya ya tafi da shi gida, kuɗin kuma ya koma ruga. Da haka kiwo ya tsaya da ƙafarsa a tsaunin da ake zaton ya mutu. Masu sayar da cuku da kilishi a kasuwanninmu, wannan lissafi naku ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.